Farar Ƙasa a Bayan Amfilifaya

Sufeto Wanphrang Nongsiej ba aiki ne ya kawo shi filin ba, kallo ya zo. Yamma ce, ana yayyafi irin na garin Shillong, samari sun cika gaban dandamali suna tsalle, 'yan ƙungiyar Lyoh Iong na kiɗa.

Da aka zo waƙar ƙarshe, mawaƙinsu Kyrshan ya yi abin da ya saba. Ya cire takalmansa, ya rataya gitar marigayi Pynshngain, wanda ya kafa ƙungiyar, ya ce wannan waƙar ta ɗan'uwansu ce da ya riga su gidan gaskiya. Leɓensa na taɓa makirufo jikinsa ya sandare. Jama'a suka yi ta tafi, sun ɗauka salo ne, har ya faɗi.

Kafin Sufeto ya hau dandamalin, Kyrshan ya cika.

Ya fara da Teibor, mai kula da sauti.

"Ka duba wayoyin nan?"

"Kaf, Bah," in ji shi, wato yallaɓai da yaren garin. "Ɗaya bayan ɗaya."

"Har tsohuwar amfilifayar can mai ƙara sauti, da gitar ke jone da ita?"

Teibor ya sosa ƙeya. "Ban da ita. Ta marigayi ce, ba a barin kowa ya taɓa. Ƙanwarsa Ibahun ke ajiye ta."

"Ashe kaf ɗinka da saura."

Sufeto ya kwance murfin bayanta. An yanke wayar da ke sauke wuta ƙasa, an manna wata mai ɗauke da wuta a jikin ƙarfen amfilifayar. A cikin murfin kuma ga shatin yatsa fari fat, bai gama bushewa ba.

Ya san wannan shatin. Duk mai cin goron garin nan da ake kira kwai, in ya shafa wa ganyen da ake naɗe shi farar ƙasa, sai ya goge yatsa a abin da ke kusa. Shi kansa ƙofar ofishinsa ta shaida.

Ya sami Ibahun, mai kaɗa musu ganga, zaune bayan dandamali, idonta a bushe.

"Kong," ya kira ta da lakabin girmama mata na garin, "yaushe rabonki da buɗe amfilifayar?"

"Tun rasuwar yayana ban buɗe ba. Ɗauka nake in ajiye."

Sufeto ya zauna gefenta, ya ciro ganye da goro da 'yar farar ƙasa ya miƙa mata. A garin nan ba a mayar da hannun mai ba da goro. Ta karɓa, ta lakato farar ƙasa ta shafa, ta naɗe ta jefa baki. Sai hannunta ya tafi da kansa, ta goge yatsa a jikin ganga.

Sufeto ya ajiye murfin kusa da gangar. Ta dubi shati biyun, ta daina tauna.

"Masu binciken yatsa za su gwada," in ji shi. "Ko za ki rage musu aiki?"

Ta tofar da jan miyau gefe.

"Ka san yadda Pynshngain ya mutu, Bah?"

"Haɗarin babur. An ce shi kaɗai ne."

"An ce. Kyrshan ke tuƙi, a buge. Suka faɗa kwazazzabo, ya tashi ya kakkaɓe jiki ya tafi gida, ya bar yayana da sauran numfashi. Watan jiya ya sha ya yi tatul, ya faɗa mini da bakinsa, yana neman in rungume shi."

"Da kin zo ofis."

"In zo da me? Maganar mashayi? Kowane wasa ina zaune bayansa, yana riƙe da gitar yayana, yana matso hawaye, 'yan mata na kuka. Ni ce ma ke ba shi kiɗan."

"Da Teibor ne ya fara taɓa makirufon fa?"

"Gitar ce ke ɗauke da wutar. Ba mai rataya ta sai shi, ba mai tsayawa ƙafa ba takalmi a jiƙaƙƙen dandamali sai shi. Da hannunsa ya cire."

Sufeto ya kira kofur mace. Ibahun ta miƙa hannuwa ba gardama. Da suka zo wucewa ta gaban gawar ta tsaya.

"In mutum ya mutu mukan ce ya tafi cin goro gidan Allah," ta ce. "Wannan kada wanda ya miƙa masa."

Ta juyo ga Sufeto. "Gitar kuma in kun gama da ita, a kai wa mahaifiyarmu."