Mikro Mai Zaɓen Magana

Ansifekta Isufu yana shan shayin hantsi a gindin itacen bedi a komisariyar 'yan sandan Dakoro sai wani dattijo dogo ya yi sallama, amawali ya rufe masa baki har hanci. Sunansa Agali, makiyayi ne daga wajen Korahane, kuma ƙarar mikro, wato makirufo, ya kawo.

Isufu ya taɓa karɓar ƙarar jaki, ya taɓa karɓar ta zakara, amma ta mikro bai taɓa ji ba. Abin ya yi masa daɗi, ya sa aka ƙaro kofi.

Agali ya ce taguwarsa ce, wato raƙumarsa, ta ɓace a makiyaya, ta bar ɗanta sabuwar haihuwa. Ɗan ya ƙi nonon akuya, kullum ramewa yake, yanzu ko tsayuwa da kyar. Ya je ya yi cigiya a shirin Kunnen Rugga, wanda ake yi kai tsaye a fesbuk kowace la'asar, makiyaya na saurara a wayoyinsu har bakin rijiyoyi. Duk zuwan da ya yi, yana cikin magana sai muryarsa ta ɗauke.

"Shef, kasuwa ta matso," in ji shi. "In anka ɗora ta mota, ita ta tahi, ɗan kuma ba ya rayuwa."

Nan dariyar Isufu ta tsaya. Ya ajiye kofin, ya ɗauki makullin babur.

Ɗakin shirin ƙarami ne, a bayan wani shagon cajin waya. Tebur ɗaya da aka lulluɓe da zane har ƙasa, mikro ɗaya a kai, kujeru biyu, da darduma da kowa ke cire takalmi kafin ya taka. Mamani ne mai gabatarwa, mutum mai murya kamar ganga da son a san haka. Sharifa, 'yar ƙanwarsa, ita ke riƙe da ordinata, wato kwamfuta, a kusurwa.

Isufu ya tambaye ta me ke damun mikron. Ta ce rezo ne, wai intanet ke yankewa, ba ta ko ɗago kai ba.

Ya ce ta buɗe masa shirin jiya. Ga Agali a allo, ga hannunsa yana kwatance, hoto tas ba ko gargada, sauti kuwa babu.

"Madam, wane irin rezo ne ke cin murya ya bar hoto?"

Sai Sharifa ta lissafa masa abin da ta gwada: ta sauya wayar mikron, ta sauya ramin da ake soka ta, ta kashe ordinata ta kunna. Har ta zargi amawalin Baba Agali, don manhajar tana da matacin hayaniya da ke yanke ƙaramar murya, shi kuwa dattijon ba ya sauke amawali a gaban mutane ko za a yi me. Ta kashe matacin gaba ɗaya, ba abin da ya sake.

Isufu ya ce a dawo da Agali gaban mikro yanzu, ba kai tsaye ba. Dattijon ya zauna ya yi bayanin taguwarsa daga farko har ƙarshe, ta cikin amawalin, koren layin sauti yana ta tsalle a allo. Ko sau ɗaya bai ɗauke ba.

Mikron lafiyarsa ƙalau, ashe sai an shiga direk, ana watsawa kai tsaye, yake kamuwa da ciwo.

Suka zauna suka bi tsofaffin shirye-shiryen ɗaya bayan ɗaya. Isufu bai san komai game da manhaja ba, kuma bai ɓoye ba, amma ya san sauraro. Gaisuwar Agali tana fita. Sunan rugarsu yana fita. Launin taguwa ma yana fita, to amma jajayen taguwoyi sun cika ƙasar. Da zarar ya ce "shaidar wutar da ke wuyanta", sai shiru, har ya gama kwatanta ta, sannan sauti ya dawo daidai kan godiya.

Cigiyar sauran mutane kuwa, ta awaki da ta jakuna, duk ta fita cif.

Isufu ya juya ga Sharifa. "In ya ɗauke, mi kike gani a allonki?"

Ta ce alamar mikron ce ke komawa ja, da layi a kanta. Wato ba lalacewa ba ce, umarni ne aka ba manhajar ta yi shiru. Ita kuwa hannunta ba ya kusa da wurin.

"To wa ke ba ta umarnin?"

Ta saci kallon kawunta. Isufu ya ga kallon, ya gane dalilin ƙaryar rezo, kuma bai ji haushinta ba.

Mamani ya rantse shi bai taɓa taɓa ordinata ba, ya ƙara da tarihin shekarun da ya yi yana yi wa jama'a hidima da muryarsa. Isufu ya bar shi yana zuba, ya durƙusa ya ɗaga zanen tebur. A ƙasa, tsakanin kujerun biyu, ga wani ɗan abin takawa baƙi, kamar na keken ɗinki, da siririyar waya da ta bi ƙarƙashin darduma.

Mamani ya daina tarihi.

Sharifa ce ta yi bayani. Kawu yana sa taba a baki, kuma ba ya son masu sauraro su ji kakinsa da tofinsa, shi ya sa ta haɗa masa wannan. In ya taka, mikro ya yi shiru, in ya ɗaga ƙafa ya dawo. Ya roƙe ta kada ta gaya wa kowa, don a gida ya ce ya daina.

"Shef, tabar na amsa," in ji Mamani, yana share gumi. "Amma lokacin cigiya ni tashi nika yi in ba mai cigiya kujerata. Duba hoton."

Aka duba. Gaskiyarsa, ga shi can tsaye jikin ƙofa. A kujera ta biyu kuwa, kusa da Agali, ga wani mai babbar riga yana jan carbi da hannu biyu, fuskarsa cike da tausayi. Alhaji Abarci ne, dillalin dabbobi, baƙon shirin na kullum, mai ba da labarin kasuwa bayan cigiya.

Isufu ya same shi a kara, inda ake cinikin dabbobi, yana zaune a inuwa. Alhaji ya tarbe shi da fara'a, ya ce shi waɗannan na'urori ko kunna su bai iya ba, wayarsa ma 'ya'ya ke duba masa. Abin takawa kuwa, yau ya fara jin labarinsa. Ya ce ai kowa ya gani a hoto, hannuwansa na kan carbi.

Isufu dai bai tambaye shi batun hannu ba. Ya yi masa godiya, ya ce sai sun haɗu a shirin la'asar.

Da ya koma, tambaya ɗaya ya yi wa Sharifa: shin dole abin takawar nan shiru kawai zai riƙa sawa? Ta ce a'a, duk aikin da aka ɗora masa a manhaja shi zai yi, har sauya kamara. Ta dube shi, ya dube ta, sai ta fara murmushi. Ya miƙa mata wayarsa, ta haɗa ta da ordinata a matsayin kamara ta biyu, ta jingine ta da ƙafar tebur ta ciki, ta kunna ɗan haskenta, ta saki zane.

Bayan la'asar aka shiga direk. Isufu ya tsaya a waje jikin taga kamar mai jiran cajin waya. Mamani ya buɗe shiri, ya tashi, Agali ya zauna. Ya yi gaisuwa, ya faɗi ruga, ya faɗi launi.

"Shaidar wutar da ke wuyanta kuwa…"

Hoton ya sauya. A wayoyin makiyaya, daga Ɗan Gulbi har Korahane, fuskar Agali ta ɓace, aka ga ƙatuwar ƙafa ba takalmi, babban yatsa ya danne abin takawa iya ƙarfinsa, gefen babbar riga shuɗiya yana lilo a kai. Muryar Agali kuwa tana fita tar: layi biyu a tsaye, da zobe a ƙarƙashinsu, ta hagu.

Alhaji bai san abin da ke faruwa ba, yana ta jan carbi yana girgiza kai don tausayi. Sai da ya ji dariya ta ɓarke a shagon caji, ya ga Sharifa ta juyo masa da allo. Ya janye ƙafar, fuskarsa ta dawo allon a madadinta.

Kafin a rufe shiri wani mutum ya kira daga Rumbu. Ya ce ya ga taguwa mai wannan shaida ɗaure a garkar Alhaji ta bakin hanya, nononta ya cika, tana ta kuka.

Isufu ya shigo, ya cire takalmi kamar kowa.

"Alhaji, ƙafar wa muka gani?"

"Tawa ce, Shef." Muryar ta yi ƙasa. Ya ce ba shi ya kore ta daga makiyaya ba, wasu ne suka kawo masa, ya karɓa bai tambaya ba. Ranar da Agali ya fara cigiya ya gane ta, ga abin takawa kuwa kusa da ƙafarsa, ya sha ganin Mamani yana amfani da shi. Niyyarsa ya riƙe maganar har ranar kasuwa.

"Ka san tana da ɗa?"

Alhaji ya sunkuyar da kai. Ya sani, a gefensa aka yi ta faɗi.

Isufu ya ce sunayen waɗanda suka kawo ta za a rubuta a komisariya. Ya riƙe masa hannun riga, ba tare da ankwa ba, suka fita ta tsakiyar mutanen da suka cika ƙofar shagon kowa da waya a hannu.

Kafin magariba aka kwance taguwar. Agali ya kawo igiya zai sa mata, ba ta jira ba. Ta miƙe wuya ta nufi hanyar Korahane da sassarfa, nono na ɗiga a kan yashi, dattijon yana bin ta a baya a kan babur ɗin ɗan sanda, yana roƙon a ƙara gudu.