Ranar Zare Katako

Mahaut ta fara ganin Gautier ne ranar da ta kai wa babanta, mai haɗa gilashin tagogi, burodi da cuku a sabuwar majami'ar da ake ginawa a garinsu. Yana can ƙololuwa a kan katako ɗaya, yana jera duwatsun rufi. Ta ɗaga murya.

"Kai! Sauko mana, za ka faɗo!"

"In na sauko za ki gaya min sunanki?"

Ta gaya masa tun bai sauko ba.

Kowa tsoron ginin nan yake ji. An saba da majami'a mai kaurin bango da 'yan ƙananan tagogi, wannan kuwa ginshiƙai sirara, bakunan ƙofofi da tagogi masu tsini, bangon kusan duk taga. Tsofaffi ko ta gindinsa ba sa bi.

Da maganar aure ta taso, babanta, Baba Odart, ya kafe.

"Ba zan ba magini 'yata ta yi takaba da ƙuruciya ba. Ga Hamelin mai gidan burodi, ƙafarsa a ƙasa take."

Ta ci kuka. Gautier ya ce, "Haƙuri, tantabarata. Ranar Talata za a zare katakon da ke tallafe da rufin. Ni zan buge shi. In rufin ya tsaya, Baba zai sauko."

"In bai tsaya ba fa?"



Ranar Talata gari ya taru can nesa. Mahaut ta ji bugun guduma na farko har cikin haƙoranta. Ba ta san sanda ta kutsa ciki ta riƙe rigar Gautier ba.

"Fita, don Allah!"

"Buga kawai. Ba inda zan je."

Ya buga. Katako ya saki, rufin ya yi wani nishi mai tsawo, ƙasa ta zubo musu a ka. Ta runtse ido tana kiran Maryamu. Sai tsit. Dutse ko ɗaya bai motsa ba.

Baba Odart ya shigo da gudu, ya rungume su duka biyu yana haki.

"Na ba ka, na ba ka! Amma ku fito waje tukuna!"

Bayan girbin inabi Fada, limamin cocin, ya haɗa hannayensu a ƙofar majami'ar, ya roƙa musu zuri'a da tsawon rai. Jama'a suka amsa da amin, muryar Baba Odart ta fi ta kowa ƙarfi.