Gawa a Ɗakin Sanyi

Ranar Laraba ce cikin Agustan 2019, Riyadh ta tashi da zafin da ko murfin mota ba ya taɓuwa. Da hantsi aka kira ofishin 'yan sanda: an tsinci gawa a filin wasan ƙanƙara, inda ake wata ƙaramar gasar hoki ta mata.

Sufeto Kamil aka tura. Haifaffen Saudiyya ne, amma kakansa daga Katsina ya tako zuwa aikin hajji bai koma ba, kuma Hausa ba ta bar gidansu ba. Shi ya sa duk abin da ya shafi leburorin Afirka a kansa yake faɗawa.

Gasar ba ta manya ba ce. 'Yan ƙungiyoyi ne daga ƙasashen da ba su san sanyi ba, washegari kuma za a buga wasan ƙarshe. Mudir, wato manajan filin, ya tari Kamil a ƙofa yana sharce gumi, ya kai shi wani ɗakin ƙarfe a bayan fili. Nan ake daskarar da baƙaƙen fayafayen robar da 'yan wasa ke bugawa, don kada su riƙa tsalle a kan ƙanƙara. Ƙofar da kwaɗo ake rufe ta, daga waje.

Mutumin yana duƙe a bayan ƙofa, ya sandare, hannuwansa cuse a hammata. Gefensa bargo da filas ɗin shayi, babu ko ɗigo a ciki. A jikin ƙofar akwai jini, inda ya yi ta duka. An lulluɓe masa fuska da wani tsumma mai baƙar ƙura.

Kamil ya taɓa tsumman. Da laushinsa, bai daskare ba. Ashe da safen nan wani ya shigo ya rufe masa fuska, ya fita ya mayar da kwaɗo.

Wayarsa ta yi ƙara. Babbansa ne daga ofis.

"An ce mai riƙe da makulli yana hannunka. Ka rufe maganar nan kafin gobe, akwai baƙi a gari."

Kamil ya mayar da wayar aljihu. Ya san inda tuhumar kisa take ƙarewa a ƙasar nan. Ya taɓa tsayawa gadi a ranar da aka zartar da hukunci da takobi, har yau bai son tunawa.

Mai makullin Buraima ne, mutumin Damagaram, direban motar da ke goge ƙanƙara. Shi ya buɗe ɗakin ya ga gawar. An zaunar da shi a ƙasa da ankwa.

"Ka san mamacin?" Kamil ya tambaya da Larabci.

"Ban san shi ba."

Kamil ya durƙusa daidai fuskarsa, ya juya harshe. "Buraima, in ka sake yi mini ƙarya, ba ni da abin da zan yi maka. Kanka ake nema."

Buraima ya zaro ido da jin Hausa a bakin mai kaki. Sai ya fashe da kuka.

"Abdou ne, yallaɓai. Ya gudo daga wurin kafilinsa, Balaraben da ya ɗauko shi aiki, ba shi da iƙama, takardar zama. A sito yake kwana, muna ba shi abinci. Wallahi ban taɓa shi ba!"

"Makullin fa?"

"A ƙusa yake rataye, ɗakin injin. Kowa ya san wurin. Jiya da la'asar masu tsaro suka zo duba iƙama kafin mata su shigo. Ni ina kan mota ina gyaran ƙanƙara. Suna gamawa suka kore mu, duk namiji ya fita, aka zuba mu a bas sai Sulay, unguwar da muke kwana. Haka ake yi in mata za su yi wasa."

"Wa ya sanya shi a ciki?"

Buraima ya sunkuyar da kai. "Ban gani ba."

Mata kaɗai suka rage a ginin jiya, don haka Kamil ya nemi masu shara. Jamilatu, wata 'yar Kano, ta zo tana murza bakin abayarta. Ta rantse ba ta ji komai ba, ba ta ga kowa ba.

"Baiwar Allah, ban zo duba takardarki ba," in ji shi. "Ko aikin gida aka rubuta miki a iƙama, ba ruwana."

Ta sauke ajiyar zuciya, hawaye suka zubo.

"Na ji bugu, ranka ya daɗe. Tun ana wasan farko nake ji, dum, dum. Na ɗauka robar nan ce take dukan katangar fili. Ai haka take ƙara."

"Ba wanda ya yi miki waya?"

"Da wace wayar? A ƙofa ake karɓe mana, kada a ɗauki hoton 'yan wasa. Amma ana hutun wasa na fita zubar da shara, na tarar da Maiwada a bakin get, masu gadi sun hana shi shiga. Ya jiƙe sharkaf da gumi. Ya ce, 'Don Allah 'yar'uwa, ki buɗe ɗakin sanyi, na manta kayana.' Na ce wane kaya? Sai ya dubi masu gadi kawai. Na ce sai an tashi. Da aka tashi aka fitar da mu, aka kulle gini."

Maiwada shi ke wasa wuƙaƙen da ke ƙarƙashin takalman 'yan wasa. Kamil ya same shi a ɗan shagonsa, injin na juyawa babu takalmi a kai. Baƙar ƙurar ƙarfe ta rufe tebur.

"Jiya ina ka je bayan bas ta ɗauke ku?"

"Ɗaki na tafi, na kwanta."

"Wane kaya ka manta a ɗakin sanyi?"

"Ba komai."

Kamil ya ajiye tsumman a kan tebur. Ƙurarsa da ta teburin iri ɗaya ce. Maiwada ya dube shi, ya zame ƙasa.

"Ƙanena ne," ya ce. "Uwa ɗaya, uba ɗaya. Ni na kawo shi daga Maraɗi."

"Faɗa mini."

"Na ga masu tsaro sun nufi sito. Na ce masa zo, ba mai leƙa ɗakin sanyi. Na ba shi bargona da shayina, na ce yanzu zan dawo. Na sa kwaɗo don kada su yi zargi. Sai aka tura mu bas. Na sauka a hanya na dawo da tasi, suka ce namiji ba ya shiga."

"Kalma ɗaya za ka faɗa wa mai gadi. Akwai mutum a ciki."

"Da sun kama shi, sun kama ni, a kore mu duka. Na ce yana da bargo, zai kai safe." Ya dafe kansa da hannu biyu. "Da aka buɗe gini ni na fara shiga. Na kira shi, bai amsa ba. Na so in miƙar da shi, ya ƙi miƙuwa. Sai na rufe masa fuska. Mi zan gaya wa Inna?"

"Ka kuma bar Buraima ya ɗauki laifin."

Maiwada ya miƙo hannuwansa.

Kamil ya sa aka cire ankwar daga hannun Buraima aka ɗaura wa Maiwada. Suka bi da shi ta gefen fili, inda 'yan wasa suka dakata da atisaye, riƙe da sandunansu, suna kallo har aka fita da shi.

Washegari aka buga wasan ƙarshe. Abdou ya rasa ransa, Maiwada yana tsare yana jiran alƙali, Jamilatu ta rasa aikinta. Buraima ya tsira da kansa, amma bai ƙara taka filin ba. Wata tsohuwa a Maraɗi kuwa, 'ya'ya biyu ta tura Riyadh, ba wanda ya koma.