'Yancin Da Ayuba Ya Ƙi Karɓa

"Baba ya yarda."

Raliya ta faɗi haka tana haki, a bakin ƙofar kolej ta Gidan Rumji, inda Ayuba yake koyar da tarihi. An tashi yara, alli bai ko fita daga yatsunsa ba.

"Ya yarda da mi?"

"Da mu mana... Ni da kai."

Ayuba bai yi murmushi ba. Sau da yawa ya aika manya gidan Alhaji Ɗanbaba neman aurenta, ana ba su ruwan sanyi, a ce sai an yi shawara. Kowa ya san abin da ake shawara a kai. Kakan Ayuba da igiya a wuya ya shiga gidan su Raliya, tun suna Tibiri. Nasara ya zo ya ce babu bauta, ya tafi. Soja ya hau, soja ya sauka. Yanzu an yi babban taron ƙasa a Yamai, rediyo ba shi da zance sai 'yanci. Amma har gobe Delu, mahaifiyar Ayuba, ita ake kira wankin tukwane in ana biki a gidan Alhaji.

"Da wane sharaɗi?" ya tambaya.

"Ba sharaɗi ba ne, masoyina. Kyauta ce. Ranar kasuwa, wurin mitin na siyasa, gaban liman da jama'a, zai 'yanta ka. Daga nan sai a sa mana rana."

"Zai 'yanta ni."

"Eh."

"Wa ya kawo wannan dabara?"



"Yaya Rashidu."

Rashidu ɗan wan Alhaji ne, shugaban matasan jam'iyyarsa, kuma ya taɓa neman Raliya ta ƙi shi. Alhaji yana son kujerar depite a majalisa, ga unguwar Gangare cike da jikokin bayi, kowannensu yanzu da ƙuri'a a hannu, abokan hamayya kuma sun riga sun shiga da tutocinsu. Rashidu ya nuna wa Alhaji hanyar da zai jawo mutanen Gangare a rana ɗaya. Shi kuwa ko ta ina ya ci riba: in Ayuba ya durƙusa ya ƙasƙanta, in ya ƙi ya rasa Raliya.

"Raliya, dube ni," in ji Ayuba. "Kin ga igiya a wuyana?"

"Kar ka fara..."

"In na durƙusa aka kwance ni, na shaida da bakina cewa jiya ni dukiya ne. Kuma Inna da ƙanwata Basira, da ba a ambace su ba, su mi za su zama?"

"Al'ada ce kawai. Bakin mutane za a rufe."

"Yanzu na fito daga aji ina ba yara labarin Amurka, yadda kudu da arewa suka yanka juna kan wannan magana. Su ma da cinikin ƙuri'a suka fara. Wannan yanki a riƙe bayi, wancan a hana, kowa ya samu kujerarsa. Bawan ne kaɗai ba a tambaya ba."

"Ni ba karatu na zo ɗauka ba, Ayuba." Ta matso kusa da shi. "Ka san sunan da ake kirana a bakin rijiya? Ka san yayuna mata sun daina cin abinci kwano ɗaya da ni? Na sha duk wannan ban taɓa gaya maka ba. Kai kalma biyu kawai ake nema. Ka ce na karɓa. Ta fi ƙarfin son da kake mini?"



"Zan zo, Raliyata."

Ta tafi tana murna. Ba ta lura cewa zuwa kaɗai ya yi alkawari ba.

Ranar kasuwa aka kafa rumfa kusa da masu hatsi. Aka kwaso mutanen Gangare a amalanke, aka zaunar da su a ƙasa, gaba-gaba, inda kowa zai gan su. Raliya tana cikin mata, ta sha lalle. Alhaji ya yi dogon jawabi kan dimokuraɗiyya, ya ce zamani ya juya, kuma daga gidansa za a fara.

Rashidu ya karɓi amsa-kuwwa.

"Ayuba ɗan Delu, jikan Jaye, na gidan Ɗanbaba, ya matso."

Ayuba ya fito. Takalmansa na ƙafarsa, kuma bai durƙusa ba.

Liman ya yi gyaran murya. "Alhaji ya 'yanta ka don Allah. Ka karɓa?"

"Malam, ina da tambaya. Mutum yana iya kyauta da abin da ba nasa ba?"

Ayuba ya juya wurin Alhaji.

"Alhaji, ɗiyarka nake so, kuma ina girmama ka kamar uba. Ka ba ni ita kamar yadda ake ba kowa, sadaki da shaidu. Amma kaina ba a hannunka yake ba. Ban karɓa ba."

Wani saurayi daga Gangare ya miƙe ya tafa. Wani daga yaran Rashidu ya jefe shi da dutse. Abin da ya biyo baya jandarma sun rubuta shi a matsayin rikicin 'yan siyasa, wanda ya fi sauƙin rubutawa. Kafin la'asar an fasa kawuna, an karya rumfa, an bi mutanen Gangare har gida an cinna wa rumbunansu wuta. Geron shekara guda ya tafi.

Washegari da hantsi Raliya ta fita ta ƙofar baya ba wanda ya sani, ta nufi gidan su Ayuba a Gangare. Gangare na warin ƙuna. Mata suna tankaɗe toka ko za su samu ƙwayar da ta tsira. Wasu suka ɗaga kai suka dube ta, suka ci gaba da aikinsu.

Ta tarar da Ayuba a tsakar gida, kansa a ɗaure da tsumma.

"Na zo," ta ce.

"Na gani."

"Baba ya ce in na ƙara ambaton sunanka ba shi ba ni. To na ambata. Ka kai ni wurin alƙali a Maradi ya ɗaura mana. Ko ina za ka, zan bi ka."

"Raliya..."

"Ban gane ba a lokacin. Yanzu na gane. Ka yafe mini, hasken idona."

Fuskarsa ta saki a karon farko. Ya ɗaga hannu kamar zai share mata hawaye.

A lokacin Delu ta fito daga bayan rumbun da ya ƙone, da rariya a hannu. Tana ganin Raliya ta ajiye rariyar, ta cire takalma, ta zube a kan gwiwoyinta cikin toka.

"Ranki ya daɗe, uwar ɗakina. Ki roƙar mana Alhaji. Yaron, boko ya ɓata shi."

"Inna, tashi," in ji Ayuba.

Ba ta ko dube shi ba.

Raliya ta ruga ta kama kafaɗunta. "Inna, don Allah... Ni ɗiyarki ce. Surukarki zan zama."

"Subhanallahi. Ki daina, kar a ji."

Raliya ta durƙusa ita ma. Tsohuwar sai ta ƙara yin ƙasa, har goshinta ya taɓa toka. Ayuba ya ja ta, ta ƙanƙame ƙasa. Maƙwabta suka fara leƙowa ta kan danga. Toka tana da sauran zafi, Raliya tana ji a gwiwoyinta, kuma ta san ta tsohuwar ta fi.

Ta san maganar da ke tayar da Delu. Tun tana ƙarama take jin ta a bakin mahaifiyarta. Ta nemi wata ta rasa.

Ta miƙe tsaye.

"Delu, tashi. Na sallame ki."

Tsohuwar ta tashi nan take, tana godiya, ta ɗauki rariyarta.

Raliya ta juya. Ayuba yana kallonta, babu fushi a idonsa, abin da ya fi ba ta tsoro ke nan.

"Ba yadda zan yi ne," ta ce. "Ka gani da idonka."

"Na gani. Ba laifinki ba ne." Ya sunkuyar da kai. "Kuma haka zan riƙa gani kowace safiya, a gidana."

"Ayuba..."

"Ki koma gida, Raliya, tun ba a neme ki ba."

Ta jira ya raka ta ko zuwa bakin danga. Ya durƙusa kusa da mahaifiyarsa, ya sa hannu cikin toka, yana taya ta tsintar gero.