Idon Alhaji Na'Allah

Ranar kasuwa Harisu ya fara ganin Rabi'atu, shekara takwas da samun mulkin kai. Ta zo gidan likita na Dakoro, inda yake aikin jinya, karɓar wa mahaifinta ƙwayar ciwon kai. Shi da hannunsa bai taɓa rawa da allura ba, sai ga shi ya zubar da ƙwayoyin a ƙasa.

"Likita, ko kai ma a nemo maka magani?" in ji ta, tana ɓoye dariya cikin mayafi.

Shi ke nan, ta tafi da zuciyarsa. Goggonta mai suna Mata ce ke kai musu wasiƙa a ƙarƙashin faifan fura, don Rabi'atu ta yi lakwal, wato makarantar boko, shekara huɗu.

"Sanyin idona," ya rubuta, "yau na ɗaure wa wani tsoho ƙafar da ba ta ciwo. Alhakinsa na wuyanki."

"Likitana," ta amsa, "ka zo ka gaida Baba tun ba ka ƙarar da tsofaffin garin ba."

Ya je. Kowa ya san yadda mai neman aure ke gaida suruki: takalmi a waje, gwiwa a ƙasa, ido a tabarma. Harisu ya fara daidai, sai tsautsayi ya sa ya ɗago. Fatar idon dama na Alhaji Na'Allah, babban ɗan kasuwar hatsi, ta sauko ta rufe rabin idon. Nan take Harisu ya tuna. A watan jiya wata takarda ta zo musu daga ƙungiyar likitocin Dakar da Ibadan da Faransa masu binciken zubar jini a ƙwaƙwalwa, suna roƙon duk wanda ya ga ciwon kai tare da irin wannan ido ya buga musu waya, don jijiya ce ta kumbura, tana iya fashewa.

Bai san lokacin da ya miƙe ba. Ya sa yatsa ya ɗaga fatar idon surukinsa, a gaban baƙi!

"Wanga wane irin marar kunya ne?" Alhaji ya daka tsawa. "Fice mini! Ɗiyata Tanimu za ni ba, yaron da bai taɓa sanin kalar fuskata ba."

Tanimu ɗan abokin cinikinsa ne na Maradi, kuma gaskiya ya iya sunkuyawa. Rabi'atu ta yi kuka har ta gode Allah, ta rubuta: "Ka kunyata ni, ka kunyata Baba."

"Na ji, na yi laifi," ya amsa. "Ki auri wanda aka ba ki in ta kama, amma ki sa shi tafi wurin likitoci, idon nan alamar jijiya ce mai iya fashewa a kansa. Gara in rasa ki da ki rasa shi."

Wannan wasiƙa ta Harisu ta karanta wa mahaifinta. Alhaji ya tuna wansa Mahamman, wanda ya kama kai a masussuka, kafin la'asar an yi masa sutura. Da safe ya hau kamyo, babbar motar kaya, zuwa Maradi, daga can ya wuce Yamai. Harisu ya riga ya buga wa likitocin waya, daga Yamai jirgi ya ɗauki Alhaji zuwa Dakar.

Wata biyu gidan ba mai cin tuwo da daɗi. Sai ga Alhaji ya sauka da ƙafarsa, kai a aske, da ɗinki a gefen goshi. Kafin ya sha ruwan maraba ya aika a kira kawun Harisu.

"Da na farka," in ji shi, "likita ukku ke tsaye bisa kaina, Bature ɗaya, baƙaƙe biyu. Suka ce wa ya gano abin ga tun daga daji? Na ce yaro ne, Harisu. Suka ce minene naka? Bakina ya kuɓuce na ce ɗana ne. To, na faɗa gaban mutanen ƙasa ukku, ba ni komawa in ƙaryata kaina. Ku kawo goro."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Da aka kai amarya, Harisu ya raɗa mata, "Kin yafe mini?"

"Tun ranar da Baba ya hau mota," ta ce.

Alhaji da kansa ya ɗaga hannu a ƙofar gida: "Allah shi yi muku albarka, shi ba ku tsawon kwana kamar yadda ya ƙara mini nawa."