Injin Sharar Shosho

A garin Nakuru akwai wata yarinya da take zaune da kakarta, Shosho Wangeci. Sunan yarinyar ya kwanta mini, amma na tuna ba ta gajiya da tambaya.

Shosho tana fama da ciwon baya. Shi ya sa ɗanta ya aiko mata da wani inji mai kama da faifai, wanda yake share ɗaki shi kaɗai. In ya kai bakin matakala, sai ya tsaya cak, ya juya.

"Shosho, ta yaya yake sanin akwai rami a gabansa?"

"Oho! Sha shayinki kafin ya huce, uwar tambaya."

Wata rana Shosho ta tafi kasuwa, ko coci ne, na manta. Yarinyar ta kife injin, ta kwance kusoshinsa. Ta ga batir da ƙaramar fanka. A can gaba kuma ga wasu ƙananan idanu na gilashi suna kallon ƙasa.

"Ashe da waɗannan kake gani!"

Ta cire wayoyin tayoyi don ta leƙa sosai. Da ta zo mayarwa, sai ta rasa ina ja yake, ina baƙi. Ta soka su yadda ta ga dama, ta rufe, ta kunna.

Injin ya fara tafiya da baya, inda ba shi da ido. Kafin ta cafke shi, ya gangara matakala. Taya ɗaya ta fita.

Da Shosho ta dawo, ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauki tsintsiya, ta sunkuya tana dafe da ƙugu. Yarinyar ta fashe da kuka.

"Kawo, Shosho. Ni na ɓata, ni zan share."

Tun daga ranar, kullum da safe yarinyar ce take shara. Rannan ta kai injin wurin Malama Chebet, mai koyar da kimiyya.

"Kin ɗauki hoto kafin ki cire wayoyin?"

"A'a, Malama."

"Batir fa, kin cire?"

"A'a."

"Kin tambayi mai shi?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai.

Malama ta yi dariya. "Kin yi sa'a bai kama da wuta ba. Zo mu gyara tare."

Suka juya wayoyin, suka mayar da tayar. Da yamma injin ya share ɗakin Shosho fes. Yarinyar ta ba Shosho labarin duk abin da Malama ta ce.

"Shosho, tsohon rediyon nan naki da ya daina magana, in buɗe shi?"

"Buɗe, 'yar nan. Ga wayata, fara da hoto."

Yara, son sani abu ne mai kyau. Amma kafin ku kwance kayan wani, ku nemi izini, kuma ku lura da yadda yake don ku iya mayar da shi.