Aku Ta Yi Shiru

"Ba inda za ki kai ta."

"Zan kai ta gidan Yayarka."

Abban 'yan biyu ya tsaya a bakin ƙofa, baƙin man gareji har gwiwar hannu, yana kallon matarsa Mai Guga tana ninke kayan 'yarsu Aku. Ko leda ɗaya ba su cika ba.

"Wancan karon kai ka roƙe ni," ta ce. "Har da hawayenka. Wai Yayarka ba ta taɓa haihuwa ba, mu ba ta ɗaya."

Haka kuwa aka yi, ana yaye 'yan biyun. Ɗaya bakinta ba ya hutawa, aka sa mata Aku. Ɗayar kullum tana lafe a lungu, aka ce Mage. Yaya ta zaɓi Mage, saboda kujerunta farare ne, ba sa son hayaniya.

A can gidan an zana wa yarinya gajimare a rufin ɗaki, ko don kada ta wahala wajen leƙa taga. Ga littattafai masu hoto, ga ƙwai da madara kullum, ga wata malama da aka ɗauka musamman ta koya mata wasa. Wasa fa. Yaya takan gyara tabaranta, wanda ba likitan da ya rubuta mata shi, ta ce, "Ƙwaƙwalwar yaro tun yana ƙarami ake gina ta. A wani taro na ji."

Mai Guga ta sha dariyar maganar nan har cikinta ya ƙulle.

Sai jiya aka kawo Mage ziyara. Ta fi 'yar'uwarta tsawo. Ta faɗi launin labule, ta ƙirga maɓallan rigar Abba, ta tambayi dalilin da ya sa rufin ɗakinsu yake yoyo. Aku kuwa ta ɓuya bayan kwandon wanki tana tsotsar gefen riga.

Mage ta dubi uwar da ta haife ta. "Anti, ita ba ta iya magana ba ne?"

Ina za ta iya? A ƙarƙashin teburin guga take wuni a shagon wanki, cikin ƙarar inji. Abin da take ji daga bakin uwarta bai wuce "zauna", "sauke" da "kar ki taɓa, da zafi" ba.

Abin haushin shi ne, Yaya da tabaran ƙaryarta ita ce mai gaskiya.

"Zan ƙara aiki," in ji Abba. "Zan sayo mata littafin hoton..."

"Wa zai karanta mata? Kai da kake dawowa ta yi barci, ko ni da dutsen guga a hannu?"

Ya zauna a gefen katifa, ya riƙo hannunta a hankali.

"Rabin raina... in ta tafi, gidan nan ya zama me?"

"Shiru. Ai dama shirun yake."

"Kina jin haushina."

"Na gaji ne kawai, Abban 'yan biyu. Haushi ma sai da ƙarfi."

Ya kifa goshinsa a kafaɗarta. Rigarta ta ɓaci da mai. Ba ta ture shi ba.

Direban Yaya ya danna hon a waje. Abba ya miƙe, shi da kansa ya ɗauki ledar.

Mai Guga ta durƙusa gaban Aku, ta gyara mata takalmi.

"Ki je ki ishe su da surutu, kin ji? Ki hau farar kujerar nan da takalminki. In kin ce min Anti ma, zan amsa..."

Aku ta sunkuyar da kai. Ta ɗora ɗan yatsa a kan tabon ƙuna da ke bayan hannun uwarta, ta ɗago ido.

"Da zafi?"

"A'a, 'yar lelena," in ji Mai Guga. "Ya warke."

Ta riƙe kukan har sai da motar ta sha kwana.